Wayar da Ta Gaza da Yatsa Uku

Kun gan ta. Kada wani ya ce bai gan ta ba. Kwana bakwai Maame Dufie tana zaune a bakin titin nan na unguwar Bantama a Kumasi, gaban kaskon gawayinta, agade tana gasuwa har ta ƙone, ku kuwa kuna tsallaka kwata ku bi ɗaya gefen don kada inuwarku ta haɗu da tata. Da mai digiri da mai Littafi a hammata, duk tafiyarku ɗaya. Ba ku ne kuka ce mata mayya ba, wasu ne suka faɗa. Ku kau da kai kawai kuka yi, kuma da wannan kau da kan aka kusa ɗaure tsohuwa 'yar shekara sittin da takwas da sarƙa a gindin bishiya. To ga abin da ya faru a bayan ƙofar da kuka ƙi kallo.

Ranar Laraba da safe, wajen ƙarfe takwas, tsohuwar ta shiga caji ofis riƙe da kofin koko da ya riga ya huce. Ta ce mai gidan da take haya, Ticha Agyekum, bai buɗe ƙofa ba. Ta buga har hannunta ya gaji, ta leƙa ta taga ta hango ƙafafunsa a ƙasa. Ta roƙi mazan gidan su ɓalle ƙofar, kowa ya ce sauri yake yi.

Sufeto Amankwa ne ya karɓi maganar. Shekararsa ashirin da huɗu a aiki, kuma tun da matarsa ta rasu yake riga kowa zuwa ofis, don ba abin da ke jiransa a ɗakinsa na bariki sai fanka da kujera ɗaya. Ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Afrakoma, suka bi tsohuwar.

Gidan mai ɗaki goma sha biyu ne kewaye da tsakar gida. Ticha ya gina shi da guminsa, bayan shekara talatin da biyar yana koyar da lissafi. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Abin da yake da shi rediyo ne. Tun da ya yi ritaya yake bin 'yan gwangwan yana sayen tsofaffin rediyoyin da suka mutu, ya zauna ya tashe su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan kanta. Ba ya sayarwa, ba ya karɓar ladan gyara.

Kofur ta kashe wutar gidan daga mita, sannan aka ɓalle ƙofar. Sakata a ciki take. Ticha yana kwance rigingine a kan siminti, ƙafa ba takalmi, tafin hannunsa na dama ya ƙone. A kan tebur akwai wata tsohuwar rediyo mai jikin ƙarfe, an cire murfin bayanta. A gefen gado kofi ne da ruwa, haƙoransa na roba, sama da ƙasa, suna ciki.

Sufeto ya daɗe a tsaye yana kallon ɗakin. Komai yana wurinsa, hatta sukurori an ware su a gwangwanayen madara bisa girmansu. A bango akwai katako mai ƙusa bakwai, kowace da lambarta. Shida suna rataye da guntayen wayoyin ƙari, kowace kamar kamu ɗaya, filogi a wannan kai, soket a wancan. Ƙasansu ya daidaita kamar an ja layi da rula. Ta bakwai ita ce ke tsakanin soket ɗin bango da rediyon.

Ya zare ta, ya rataye a ƙusarta, ya ja da baya. Ta gaza 'yan'uwanta da yatsa uku. Ya sake saukewa, ya naɗe, ya sa a aljihu.

Kafin motar asibiti ta zo, mazan da suka ce suna sauri duk suna tsakar gida, sun harɗe hannu. Kofur ta tambayi ɗaya daga cikinsu ko saurin zuwa gindin mangwaro yake yi, tunda nan ne ofishinsa. Ba wanda ya yi dariya. Magana ce ke yawo ƙasa-ƙasa: mijin matar nan ya mutu, 'yarta ɗaya tilo ta mutu, yanzu ga wanda take dafa wa. Ƙofa a kulle ta ciki. Wa ke shiga ɗaki a kulle?

Ana cikin haka tasi ta sauke Brenya, ɗan ƙanwar Ticha, mai gyaran fanka da dutsen guga a layin masu gyara na Adum. Shi ne magaji, tunda a al'adar garin gadon kawu na ɗan 'yar'uwa ne. Ya zube a ƙasa yana kiran kawunsa, aka rirriƙe shi. Da ya tashi, Sufeto ya ja shi gefe.

"Yaushe rabonka da gidan nan?"

"Ya fi wata, Yallaɓai. Aiki ya sha kaina."

"Kawunka yakan yi kuskure da wuta?"

"Kawu? Ko cikin barci ba ya yi. Shi ya sa nake cewa juya masa ita aka yi. Ka dubi idon matar can."

"Hayaƙin gawayi ne," in ji Kofur. "Idon uwata ma haka yake."

Da yamma likita ya rubuta cewa wutar lantarki ce ta tsayar da zuciyar mamacin. Shugaban ofis ya karanta, ya ce tsoho ya yi wasa da wuta, wuta ta rama, a rubuta haɗari a rufe fayil. Maita kuwa, in ji shi, ba ta cikin littafin doka, maganar dangi ce.

Dangin ba su ɓata lokaci ba. Shugaban dangi ya aiko da saƙo gidan: ranar zaman makokin kwana takwas, Laraba mai zuwa, za a fitar da kayan Maame Dufie, a kai ta wani sansanin addu'a da ke kan dutse, inda ake ɗaure irinsu har su amsa da bakinsu. Ba ta da ɗa, ba ta da ɗan'uwa a Kumasi da zai tsaya mata. Duk gidan ya ji saƙon, kowa ya ci fufunsa ya wanke hannu.

Sufeto ya roƙi mako ɗaya kafin ya rufe fayil. Aka ba shi, don ba wanda ya damu.

Kofur ta binciko cewa kowace Litinin da rana Ticha yakan fita, ya dawo da la'asar. Wurin Papa Fosu yake zuwa, tsohon mai gyaran alamun jirgin ƙasa, wanda ke zaune shi kaɗai a wani ɗaki bayan tsohon injin katako. Ranar Alhamis Sufeto ya same shi a kan benci, allon dara a gabansa, ba abokin wasa.

Papa Fosu ya ce ya ji labarin rasuwar, Allah ya jiƙan rai, amma shi shekara biyu ke nan ba ya magana da Agyekum. Sun yi faɗa a kan wata rediyo.

Sufeto ya matsa kusa da ƙofa. Ya miƙa hannu bayan ƙofar ɗakin, inda ya hango wata guntuwar waya a rataye, sabuwa fil. Ya fiddo tasa daga aljihu ya haɗa su. Filogi iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya.

"Wanda ba ka magana da shi ne ya yi maka wannan, Papa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ya ce tsoro ne. An ce duk wanda ya kusanci gidan nan yanzu, matar za ta bi shi, shi kuma ko bai yarda ba, ba ya son sunansa a bakin mutane. Ran Litinin ɗin nan ma Agyekum yana nan zaune, ya sha kashi uku a dara, yana cewa allon ne ya karkace.

Sufeto ya miƙa masa wayar ya tambaye shi amfaninta. Nan bakin tsohon ya buɗe. Ya ce Agyekum bai yarda da doguwar waya mai ja a ƙasa ba. Duk abin da zai gyara, ta guntuwa yake ba shi wuta, yadda filogin zai kasance kusa da hannunsa, in ya ji ƙauri ya fizge. Kuma duk tsawonsu ɗaya, don akwai tsaga biyu da ya yi a gefen teburinsa, a kansu yake aunawa.

"Wannan ta gaza," in ji Sufeto.

Papa Fosu ya ɗauko sukudireba ya kwance filogin. Ya kalla, ya cire tabarau ya goge, ya sake kallo.

Ya nuna wa Sufeto. Waya uku ce a ciki: ja mai ɗauke da wuta, baƙa, da koriya wadda ke haɗe da jikin ƙarfen na'ura don ta kare mai taɓawa. An musanya ja da koriya. Wato da an kunna, rediyon ba za ta yi magana ba, amma jikinta duk ya zama wuta. Mai gyara kuwa, in ya kunna ya ji shiru, abu na farko da zai yi shi ne ya dafa ta ya leƙa.

Tsohon ya ci gaba. Agyekum yana yanka kowace waya daidai inda za ta shiga, jar ita ce mafi gajarta. Wanda ya yi musanyar ya tarar ba za ta kai ɗaya ƙafar filogin ba, dole ya datse kan duka ya sake ferewa. Ga inda yatsa uku suka tafi. Kuma Agyekum ba ya ɗaure waya sai ya shafa wa bakinta dalma. Waɗannan tsirara suke, an murɗa su kawai.

Sai ya ɗauko gilashin ƙara girma ya ɗora a bakin robar. Ba santsin yankan reza ba ne. Robar ta tauye, da shati biyu, ɗaya da 'yar tsaga a karkace.

"Haƙori ne," in ji Papa Fosu. "Agyekum kuwa ko dafaffiyar doya sai Dufie ta daka masa. Ni ma duba." Ya buɗe baki, dasashi ne zalla.

Da Sufeto zai tafi, tsohon ya riƙe hannun rigarsa, ya ce akwai sauran magana. Ranar Lahadi mai zuwa Agyekum ya shirya zai ba Dufie kyautar ɗakin da take ciki, nata har mutuwa. Shi Fosu ne shaida. Amma a al'adarsu kyauta ba ta zama kyauta sai wanda aka ba ya kawo kayan godiya gaban shaidu, kuma Lahadin ba ta zo ba.

Ranar Asabar Sufeto ya je bakin titi. Maame Dufie tana juya agade tana mayarwa, ba mai tsayawa. 'Yan makarantar da kan yi layi a gabanta an hana su. Ya zauna a kan bencinta, ya ce ta ba shi biyu da gyaɗa. Ta dube shi kamar ba ta ji ba, sannan ta naɗe masa a takarda.

Ran Laraba ta ce masa ba ta san komai ba, ba ta ga kowa ba. Yanzu ya tambaye ta maganar ɗaki. Ta ce gaskiya ne. Ta riga ta sayi kwalbar giyar da za ta kai godiya, tana ƙarƙashin gadonta. Ta ɓoye ne don kada a ce saboda ɗaki ta kashe shi. Sufeto ya ce ai mutuwarsa kafin Lahadi ita ta hana ta ɗakin. Ta ce shi da ya yi makaranta ne yake lissafi haka, mutanen gidan ba sa yi.

Ya tambaye ta wa ya san da kyautar. Ta ce Ticha mutum ne mai bin ƙa'ida, da kansa ya kira magajinsa ya gaya masa, mako biyu da suka wuce. Ɗakin nata shi ne na gaba, mai kallon titi. Ta sha jin Brenya yana cewa wurin ya dace da shago.

"In Ticha ya fita ran Litinin, wa yake bar wa makulli?"

"Ni."

"Wa kika ba?"

Ta juya agade ɗaya da ba ta buƙatar juyi.

"Maame, ran Laraba za su zo da mota."

"Na sani, ɗana."

"To wa kika ba?"

"Ya ce cajarsa ya manta a ciki. Magajin gida ne. Ni wace ce da zan hana shi makullin kawunsa?"

Ta ce Brenya ya yi kamar rabin awa a ɗakin, ya dawo mata da makulli, har ya sayi agade. Ran Talata ba wuta a unguwar yini guda, Ticha bai taɓa tebur ba. Sai safiyar Laraba da aka kawo. Tun ranar take ganin hannunta ne ya miƙa makullin. In sun ce ita ta kashe shi, wani lokaci takan ji kamar ba su yi ƙarya ba.

Sufeto ya ce mata makulli ba ya kisa. Ya cinye agadensa a nan zaune, mutane suna wucewa suna satar kallo.

Ya san maganarta ba za ta ishe shi ba. A gaban dangi, shaidar wadda aka riga aka kira mayya iska ce, kuma ya fahimci dalilin da ya sa aka yi saurin ba ta sunan. Ita kaɗai ta ga wanda ya shiga.

Ranar Litinin ya ɗauki dutsen gugarsa, ya yanke filoginsa da wuƙa, ya sa a leda, ya nufi Adum. Layin masu gyara cike yake da ƙara da ƙaurin dalma. Kowane teburi da mutum a gabansa, yana tsaye a kan katako da silifas. Sufeto ya tsaya yana kallo. Kafin ya kai shagon Brenya ya ƙirga mutum biyar sun kai waya baki, sun ciza, sun ja, sun tofar da robar. Filaya tana gefe a ajiye, ba mai taɓa ta. A wani teburi wuta ta ja wani, ya yarfe hannu ya zagi uwar fankar, maƙwabtansa suka yi masa dariya, ya ci gaba da aiki.

Brenya ya miƙe da ya gan shi. Sufeto ya ce wucewa yake yi, ya ga ya dace ya shaida masa cewa manya sun ce a rubuta haɗari. Kafaɗun Brenya suka sauka. Ya aika a kawo lemo, ya ce Allah dai zai tona asirin matar nan ran Laraba.

Sufeto ya ce af, ga dutsen gugarsa ma ya lalace, gwauro ba shi da mai kula masa da kaya. Brenya ya karɓa da hannu biyu, ya ce wannan ai ba sai an biya ba. Ya ɗauko sabon filogi, yana magana yana aiki. Ya kai wayar gefen bakinsa na hagu, ya ciza, ya ja. Sau uku. Da ya yi dariya, Sufeto ya ga haƙorin: na sama, gefensa ya ɓalle a karkace.

"Me ya samu haƙorin?"

"Murfin kwalba, Yallaɓai, tun ina saurayi. Amma ya fi reza. Duk layin nan ba mai fere waya kamar shi."

Daga nan Sufeto bai koma ofis ba. Ya kai filogi biyun wurin likitan haƙori, ya zauna a layi da masu kumburin kunci har aka kira shi. Likitan ya duba, ya ɗauki hoto, ya rubuta takarda ya sa hannu.

Ranar Laraba aka kafa rumfuna a ƙofar gidan, kowa cikin baƙi da ja. Hoton Ticha yana kan tebur da furanni. Mutanen da ba su taɓa shiga ɗakinsa sun gaishe shi ba suna zaune a layin gaba. A gefe guda an tara kayan Maame Dufie a kan ƙasa: katifa, akwatin ƙarfe, tukwane uku, kaskon gawayi. Tana zaune a kan akwatin, hannu a cinya. Wata motar haya tana jira, da maza biyu daga sansanin.

Shugaban dangi ya miƙe zai yi magana, sai Sufeto ya shigo da Kofur, Papa Fosu yana biye da su da sandarsa. Sufeto ya gaida manya yadda ya kamata, daga dama zuwa hagu, ya nemi izinin minti biyar.

Ya ajiye guntuwar wayar a kan tebur, ya ajiye dutsen guga kusa da ita. Papa Fosu ya kwance filogi biyun, ya yi bayanin ja da koriya da muryar da kowa zai ji. Aka miƙa wa shugaban dangi gilashin. Ya duba wannan, ya duba wancan, ya daɗe. Sufeto ya karanta takardar likita: baki ɗaya ne ya ciji duka biyun.

"Wa ya gyara maka dutsen gugar?" in ji shugaban dangi.

"Ɗanku. Shekaranjiya, a gabana." Ya juya. "Brenya, ka ce ya fi wata rabonka da gidan nan."

"Haka ne."

"Ran Litinin wa ya karɓi makulli?"

"Maganar mayya za ka ɗauka a kaina?"

"Ban ɗauki maganar kowa ba. Buɗe bakinka manya su gani."

Brenya ya dubi shugaban dangi, ya dubi uwarsa da ke zaune cikin mata. Ya kai tafin hannu ya rufe bakinsa. Uwar ce ta tashi, ƙanwar mamacin, ta zo ta kama hannun ta sauke da kanta.

Sai ya durƙusa.

"Ban yi niyyar kashe shi ba. So nake ta ɗan ja shi ya faɗi, dangi su ce tsufa ya kama shi, a mayar da shi ƙauye kafin Lahadi. Mu a layi kullum tana jan mu, mu yarfe hannu mu ci gaba. Wallahi na ɗauka haka za ta yi masa."

"Kai a kan katako kake tsayawa, da silifas," in ji Papa Fosu. "Shi ƙafarsa a kan siminti, shekara saba'in da shida. Shi ya koya maka riƙe sukudireba, ɗan banza."

Sufeto ya tambaye shi wa ya fara cewa mayya. Ya ce shi ne. Da ya ga abin da ya faru, ya tuna ita ta ba shi makulli. Ya faɗa wa mace ɗaya a tsakar gida, ita ke nan. Bai sake wahala ba, gidan ya ɗauka daga nan.

Kofur ta sa masa ankwa. Motar da aka kawo don tsohuwa ita aka roƙa ta kai su ofis, mazan sansanin suka sauka suka nemi tasi.

Papa Fosu ya tsaya a gaban manya ya ce shi shaida ne a kan maganar ɗaki. Shugaban dangi ya gyara mayafinsa, ya ce ba a kawo godiya ba, don haka ba a yi kyauta ba. Amma matar tana iya zama har a yi jana'iza, wadda a garin nan sai bayan makonni ake yi, daga nan dangi za su duba. Bai dube ta ba da yake faɗa. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Aka kunna kiɗa, aka fara raba ruwa.

Maame Dufie ta tashi ta ɗauki tukwanenta ta shiga da su. Ta dawo ta ja katifa. Akwatin ya fi ƙarfinta, ta ja shi a ƙasa, yana ƙara a kan siminti, ta gaban mutum fiye da ɗari masu lafiyayyun hannuwa. Papa Fosu ne ya jingine sandarsa ya kama ɗaya gefen.

Sufeto ya yi aikinsa, ya rubuta rahoto ya koma ɗakinsa. Abin da ya rage ba na ɗan sanda ba ne. Ba doka da za ta kama wanda ya tsallaka kwata, kuma har yau wasu a gidan suna cewa to, wa ya shiga zuciyar yaron ya sa shi? Jana'iza saura mako biyar, ɗakin yana hannun mutanen da suka tara mata kaya a ƙasa.

Kai mai karatu, kada ka ce mini Allah ya kyauta. A layinku akwai tsohuwar da aka fara yi wa ƙus-ƙus, ka san sunanta, ka san bakin da ya fara. Ka tashi yau ka je wurinta da rana tsaka. Ka sayi abin da take sayarwa, ka ci a gabanta kowa yana kallo. Ranar da dangi za su zauna a kanta, ka je ko ba a gayyace ka ba, ka faɗi sunanka da na ubanka, ka ce ba ka yarda ba. In suka taɓa kayanta, ka tsaya a bakin ƙofar, kada ka matsa.